Taku Tara Daga Bakin Rijiya

Saura kwana huɗu mu miƙa makullin gidanmu na Gwarzo, Inna ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna a tsakar gida, ta ce ita fa babu inda za ta.

Ni ina ɗakinta a lokacin, ina naɗe tasoshin jerenta da tsofaffin zannuwa ina shiryawa a kwali. Na leƙo da fanteka a hannu na ce wace irin magana ce wannan, bayan an riga an sa hannu, shaidu sun shafa fatiha. Shekara biyu ke nan da rasuwar Baba. Mu bakwai ya bari, gida kuwa ɗaya, ba ya rabuwa, shi ya sa aka sayar da shi ga wani Alhaji mai fataucin hatsi. Alhajin bai ɓoye mana ba, rushewa zai yi ya gina shaguna da sito kafin damina ta sauka. Inna kuma za ta koma Kabo, gidan babban yayanmu, inda ya riga ya gina mata ciki da falo har da fanka. Ni ce auta, a Kabo nake aure, a can nake koyarwa a firamare, sai na yi amfani da hutun makaranta na zo haɗa kaya.

Inna ba ta ko kalle ni ba. Ta ce in kira mata babban yayan namu, wanda shi ma ya zo kwashe kaya. Ba ta taɓa kama sunansa ba tunda nake, saboda alkunya, kullum "yayanki" ne. Da ya shigo ya durƙusa, sai ta rage murya kamar akwai mai saurare a bayan katanga.

"Akwai tukunya a binne a ƙofar gidan nan," ta ce. "Malam ne ya binne ta da hannunsa. Ba zan tafi in bar magina su tono ta ba, gari ya ɗauka cewa Malam ya yi kafi."

Na ajiye fantekar nan a hankali. Duk wanda ya san Baba, wanda take kira Malam, zai gane abin da ya sa. Mutum ne da ya yi shekaru yana karantar da manya a zaurensa bayan asuba da bayan la'asar, kuma abin da aka fi saninsa da shi shi ne bai taɓa ɗinke laya ya ba kowa ba. In mace ta aiko a rubuta wa jaririnta tsari, addu'a zai yi masa, ya ce a kai shi asibiti. Masu binne-binne a ƙofar gida don tsari kuwa, ya sha yin faɗa da su har a bainar jama'a. Yaya shi ya gaje shi a wannan. Babu zaman suna ko ɗaurin aure da zai buɗe baki bai ce "kamar yadda mahaifina yake cewa" ba, har mukan tsokane shi da hakan.

Yaya ya ce ba zai yiwu ba, wataƙila dai Inna ta manta, ko wani abu ta gani ta ɗauka tukunya ce. Inna ta ce tsufa ta yi, ba hauka ba. Fuskarsa ta canza, ni kuwa, Allah Ya yafe mini, abin da ya fara zuwa raina ba sunan Baba ba ne. Me ke cikin tukunyar? Tun ina ƙarama aka shaide ni da bin ƙwaƙƙwafi. Ni ce na taɓa farke matashin Kaka don in ga me ke ƙara a ciki, na sha bulala a kan 'yan kwabbai uku. Yanzu ga ni da 'ya'ya huɗu, amma halin yana nan daram.

Sai abubuwa suka fara dawo mini. Kaka, wato mahaifiyar Baba, ba ta taɓa tsallake dokin ƙofar zaure ba tare da ta yi bisimilla ta ɗaga ƙafa sama sosai ba. In ta kama yaro zaune a wurin, rankwashi ne. Mu duka mun tashi muna ɗaga ƙafa a nan, har matan yayyena da aka auro daga baya sun koya, ba wadda ta tambayi dalili.

Yaya ya ce ba za a kira lebura ba, don bakin lebura ba shi da linzami. Shi zai tona da kansa. Mutumin da rabonsa da riƙe fartanya tun yana sakandare! Washegari da sassafe ya aro diga da shebur a wurin wani abokinsa a Unguwar Tudu, ya ce masa kwata zai gyara. Muka rufe ƙofar waje, muka sa sakata. Ya tuɓe riga ya rage singileti, ya fara dukan simintin dokin ƙofa. Ni ce mai kwashe ƙasa da tsohon baho. Zafin bazara kuwa tun hantsi ya fara dafa mutum. Kafin azahar tafin hannunsa ya yi bororo, mun yi rami har gwiwa, ba mu samu komai ba sai wani ruɓaɓɓen silifa da kwalbar man kitso.

A nan Inna ta fito daga cikin gida da kwanon fura, ta tsaya a kanmu tana kallo. Ta tambaye mu wa ya ce mana nan ne. Yaya ya ɗago, gumi na ɗiga daga gemunsa, ya ce ai ita ta ce ƙofar gida. Ta ce ƙofar gida ta wancan lokacin take nufi. Ashe zauren da muka sani ba shi ne na asali ba. Na farkon na ƙasa ne, ya faɗi a wata damina tun Yaya yana rarrafe, aka matso da sabon gaba wajen hanya. Kaka dai ta ɗauko ɗaga ƙafarta ta kawo sabuwar ƙofa, mu kuma muka bi ta. Shekara da shekaru gida guda muna yi wa siminti ladabi. Na yi dariya har na zauna a kan tulin ƙasa, Yaya ya harare ni, na haɗiye sauran.

Na ce to Inna, ai da kin faɗa mana tun safe. Ta ce wa ya tambaye ta? Gaskiyarta kuwa. Yaya tun daren jiya bai yarda sun haɗa ido ba.

Tsohon zauren babu ko alamarsa, wurin ya zama fili, nan muke ɗaure awaki. Amma Inna ta ce tana da ma'auni. A wancan zamanin ita ke cika wa Baba randar alwala a zaure kowace safiya, kuma ta ƙirga sau ba adadi: daga bakin rijiya zuwa inda aka binne tukunyar, taku tara ne, in ka miƙe ka fuskanci gabas. Ta ajiye kwanon furar, ta je ta kafa dunduniya a jikin rijiya, ta tako a hankali tana ƙirgawa a fili. A na tara ta buga sandarta a ƙasa. Yaya ya sha fura, ya ɗaure hannunsa da tsumma, ya koma aiki.

Ƙasar wurin ta fi laushi, amma har aka kira la'asar babu labari. Ramin ya kai masa cinya. Ya fito ya zauna a inuwar darbejiya, ya ce shi dai ya fara sa ran babu wata tukunya, kuma wallahi da hakan ya fi masa daɗi. Inna ta zauna nesa kaɗan da shi tana gyara bakin zanenta. Ni ce na kasa haƙuri, na ce Inna, don Allah me ya kai Baba ga binne tukunya?

Na san an haifi wasu kafin Yaya, amma a gidanmu ba a zancen. Ranar nan sai ta yi zancen. Ta ce biyu ne, mace da namiji, kowannensu bai kai yaye ba ya koma. Aka fara kiranta mai wabi a unguwa. Kaka ta ce gidan ne ba shi da tsari, tunda ɗanta ya ƙi yin kafi lokacin da ya gina shi, yana taƙama da karatu. Ta yi magana, ta yi kuka, ta daina cin tuwon gidan. Daga ƙarshe ta yanke hukunci: ko dai a yi kafi, ko Inna ta tattara ta koma gidan iyayenta a Getso, a nemo wadda 'ya'yanta ke zama. Ta tafi da ƙafarta wani ƙauye can bayan Mainika, ta dawo da ƙunshi a baƙin ƙyalle, ta damƙa wa Baba, ta ce a sa a sabuwar tukunya a binne tana gani.

Tukunyar kuwa daga cikin kayan auren Inna aka ɗauka, wadda mahaifiyarta ta saya mata, ko wuta ba ta taɓa gani ba. Baba ya shiga ɗakinsa da tukunya da ƙunshi, ya turo ƙofa. Da ya fito, bakin tukunyar a rufe yake da murfi, ya liƙe shi da yumɓu. Ya haƙa rami a dokin ƙofa, Kaka na tsaye a kansa, ya binne. Bayan shekara aka haifi Yaya, ya rayu, sauranmu muka biyo baya. Kaka har ta koma ga Allah tana cewa dabararta ce ta raya mu, kuma tun daga ranar ba ta ƙara ɗaga wa Inna murya ba.

Yaya ya daɗe yana kallon tsumman hannunsa. Can ya ce, "Ke nan ni ɗan tukunya ne." Ba da wasa ya faɗa ba. Tausayinsa ya kama ni. Mutum ya haura hamsin yana tafiya da maganar ubansa a baki, rana ɗaya a ce masa uban ya yi abin da yake hana mutane. Na dubi Inna ko za ta ce wani abu, sai na ga ta buɗe baki ta sake rufewa. Na lura da wannan, kuma ya hana ni sukuni.

Washegari saura kwana biyu. Alhaji ya aiko a gaya mana tifar yashi za ta fara sauke kaya a ƙofar gida ranar Asabar. Da safe ina jan ruwa a rijiya zan wanke randunan da za mu tafi da su, sai na hango Inna ta fito daga ɗaki ta nufi madafa. Na tsaya da guga a hannu ina kallon tafiyarta. Ciwon gwiwa ya sa takunta ya zama ɗan mitsitsi, ƙafa ba ta wuce ƙafa sosai. Na tambaye ta shekarunta nawa lokacin da take ƙirga takun nan. Ta ce ba ta fi ashirin ba. Na ce kuma da tulu a ka, kina sauri kafin Baba ya shigo? Ta tsaya, ta dube ni, ta dubi ƙafafunta, sai ta kama haɓa.

Kowa na cewa tsawona da ƙirata na Inna ne. Na cika bokiti na ɗora a ka, na kafa dunduniya a jikin rijiya. Inna ta ce ba haka take tafiya ba, in saki jiki, in daina tafiyar malaman makaranta. Sau uku tana mayar da ni. A na huɗu na tako da sauri kamar wadda ta bar tuwo a wuta, ita tana ƙirgawa, na wuce ramin jiya da kusan taku uku, na tsaya daidai gindin turken tsohuwar akuyarmu. Ruwa ya jiƙa mini baya sharkaf.

Yaya ya cire turken. Wannan karon ya ajiye diga, ya ɗauki dagi yana sassaƙar ƙasa a hankali. Ni na durƙusa a bakin ramin, ko kwashe ƙasar na manta. Bai kai gwiwa ba muka ji ƙarar ta canza, wani ɗan ƙwas. Ya sa hannu ya share. Ga bayan murfi nan, ja, da saiwoyin darbejiya sun naɗe shi kamar zare.

Mun fi rabin awa muna yanke saiwoyi da wuƙa kafin ta fito. 'Yar madaidaiciya ce, irin ta miyar gida ƙarami, da zanen tsinke a wuyanta. Ko tsagewa ba ta yi ba. Yumɓun bakin ya bushe ya zama kamar dutse. Yaya ya ajiye ta a ƙasa ya matsa baya yana goge hannu a wando, ya ce in kawo kananzir da ashana. A fasa ta a cikin ramin, a ƙone ko me ke ciki, a mayar da ƙasa, kada wani ya gani balle ya faɗa. Ni kuwa ban yarda ba. Kwana biyu ina cin ƙasa, a ƙone ban gani ba? Na fara yi masa magiya, ya daka mini tsawa, ya ce wannan ba matashin Kaka ba ne.

"Tukunyata ce," in ji Inna. "Ba mai fasa mini ita. Auta, buɗe."

Na zauna na sa ta tsakanin ƙafafuna, na yi bisimilla, na fara kankare yumɓun da bakin wuƙa. Duk son ganina, tsoro ya kama ni. Na tuna labaran da muke ji muna yara, na ƙahon rago da allurai da gashin mutum. Yaya ya juya mana baya yana karanta Ayatul Kursiyyu. Inna ta matso da kujerarta har gwiwarta na taɓa kafaɗata, ina jin numfashinta. Murfin ya motsa, na ɗaga shi.

Wani ɗan warin rufaffen ɗaki ya fito, shi ke nan. Na karkata ta wajen rana na leƙa. Na sa hannu har wuyan hannu na shafa ko'ina. Babu ƙyalle, babu toka, babu ko ɓurɓushin abin da ya ruɓe. Cikinta fes, har sawun yatsun wadda ta gina ta ana gani. Na kife ta na bubbuga gindin, ɗan garin yumɓun da na kankare ne kawai ya zubo.

Na ce, "Yaya, babu komai."

Ya juyo. Ya karɓa ya leƙa, ya sake leƙawa, ya sa nasa hannun. Inna ta miƙo hannu biyu, ya ba ta. Ta ɗora ta a cinya, ta zura hannu ciki ta daɗe tana shafawa, sai na ga hawaye na bin kumatunta, tana kuma murmushi. Ta ce a ranar da aka binne ta, bayan Kaka ta koma ɗakinta, Baba ya same ta a madafa ya gaya mata a kunne cewa ƙunshin yana cikin masai, tukunyar kuwa iska ce kawai a cikinta. Ya ce ba zai saɓa wa Allah ba, ba zai kunyata uwarsa ba, kuma ba zai bari ta koma Getso ba. Ya roƙe ta ta riƙe maganar a cikinta.

Yaya ya zauna daɓas a kan ƙasar ramin. Ya tambaye ta me ya hana ta faɗa mana tun shekaranjiya, ta bar shi kwana biyu ba ya iya cin abinci. Ta ce da ta faɗa, cewa zai yi tana wanke mijinta ne, gani kuwa ya kori ji. Ta share fuska da gefen mayafi, sannan ta ƙara da abin da har yau nake juyawa a raina.

"Ni ma ban ga lokacin da ya rufe ta ba. Ya faɗa mini, na kuma yarda da shi. Amma duk haihuwar da na yi, in na ga yaro ya tashi ya yi tafiya, sai wani abu ya ce mini anya kuwa? Shekara hamsin ina son in leƙa."

Yaya ya rufe fuska da tsumman hannunsa ya yi kuka irin wanda ban ga ya yi ba ko ranar jana'izar Baba. Ni ma na taya shi. Akuyar da muka cire wa turke tana can tana cin kwalin da na shirya tasoshi, ba wanda ya kore ta.

Da yamma muka cike ramuka biyu, na zaure kuwa ba yadda za mu yi da fasasshen siminti. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Alhaji ya zo karɓar makulli, ya ga wurin, ya tambaya cikin raha ko zinariya muka tono. Yaya ya ce a'a, tukunyar auren Inna ce da mahaifinmu ya ajiye mata. Alhaji ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne, ya ce ai dama rushewa za a yi.

Akori-kura biyu suka kwashe mu. Turmi da taɓare da randuna da gadon ƙarfe a ɗaya, buhunan littattafan Baba da buzunsa a ɗayar. Direba ya miƙo hannu zai karɓi tukunyar ya cusa ta cikin katifa, Inna ta ce ya bar mata kayanta. A gaba ta zauna, ta rungume ta a cinya ta lulluɓe da mayafi tun daga Gwarzo har Kabo, duk ramin da motar ta faɗa sai ta ɗaga ta sama. Da za mu fita daga gidan na lura ba ta waiwaya ba, kuma ba ta ɗaga ƙafa a dokin ƙofa ba.

Yanzu tukunyar tana kan ƙaramin tebur a gefen gadonta, da murfinta. Kwanakin baya na je gaishe ta da goro, na rasa inda zan sa shi kada ya bushe, sai na ɗaga murfin na zuba a ciki. Inna ta tashi daga kishingiɗen da take, ta kwashe goron ɗaya bayan ɗaya ta zuba mini a hannu, ta busa cikin tukunyar, ta mayar da murfin.

"Yadda ya bar ta, haka za ta zauna," ta ce.